Taron Jarumai da Ƙarancin Shafi a Littattafan Zane na Amurka

Hausawa kan ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wannan karin magana ya dace ainun da tarihin littattafan zane na Amurka, musamman waɗanda ke tara jarumai masu baiwa a ƙungiya guda. Matsalar da marubutansu suka yi ta fama da ita ita ce, ɗan kasuwa ne ke yanke yawan jarumai, tsadar takarda kuma ke yanke yawan shafi. Marubuci yana tsakiya.

An soma wannan salo a ƙarshen 1940, lokacin da ƙungiyar Justice Society of America ta bayyana a fitowa ta 3 ta mujallar All Star Comics. Jarumai 8 aka haɗa, don mai sha'awar ɗaya ya saya, ya saba da sauran. A wancan zamani mujalla tana da shafi 64 a kan senti 10, saboda haka marubucin, Gardner Fox, bai shiga ƙunci ba. Jaruman kan taru a farko, kowa ya kama gabansa a babinsa, sa'an nan su sake haɗuwa a ƙarshe. Har wata ƙa'ida aka kafa, cewa wanda ya sami mujallar kansa sai ya bar kujera ga wani.

Da aka farfaɗo da salon a 1960 da sunan Justice League of America, mujalla ta riga ta koma shafi 32, har da talla. Fox ba shi da filin ba kowane daga cikin jarumai 7 babi, sai ya riƙa rarraba su biyu-biyu ko uku-uku. Labari ya yi sauri, amma an yi hasarar hali: in aka cire tufafi da baiwa, da wuya a bambanta maganar wannan da ta wancan.

Kamfanin Marvel ya bi wata hanya. A 1961 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, mutum 4 kacal, masu gardama da fushi da juna kamar 'yan gida ɗaya. Daga nan mai karatu ya fara neman sanin zuciyar jarumi, ba ƙarfinsa kaɗai ba. To, amma bayyana zuciya tana cin shafi fiye da dambe. Wannan ne ya tsananta matsalar, domin zuwa ƙarshen shekarun 1970 shafukan labari sun ragu zuwa 17.

Dabara ta farko da aka yi ita ce rage mutane. A 1975 aka sabunta X-Men, tsofaffi da sababbi suka kai 13. Cikin fitowa biyu mafi yawan tsofaffin suka tafi, aka kuma kashe ɗaya daga cikin sababbin, wato Thunderbird. Haka nan a 1979, a fitowa ta 181 ta Avengers, aka kawo wani jami'in gwamnati cikin labarin ya ba da umurni a mayar da ƙungiyar mutum 7. Wato damuwar edita ce aka sa wa rigar hukuma.

Dabara ta biyu ita ce jan labari. Chris Claremont, wanda ya rubuta X-Men daga 1975 zuwa 1991, yakan dasa ƙaramar magana yau, ba za ta nuna ba sai bayan shekara ko fiye. Paul Levitz kuwa, da yake riƙe da Legion of Super-Heroes mai jarumai fiye da 20, sai ya jera labarai hawa-hawa: babba a gaba, ƙanana a baya, in babban ya ƙare na biye da shi ya matso. Kowa yana samun rabonsa, sai dai sabon mai karatu kan rasa ƙofar shiga.

Abin ya kai matuƙa a Crisis on Infinite Earths, fitowa 12 daga 1985 zuwa 1986, inda Marv Wolfman da George Pérez suka tara ɗaruruwan jarumai. Duk da wannan cinkoso, abin da masu karatu suka fi tunawa shi ne mutuwar mutum biyu, Supergirl da Flash, domin su aka tsaya a kansu aka ba su fili.

A taƙaice, tarihin ya nuna cewa ba yawan suna ke raya labarin ƙungiya ba. Jarumin da bai yanke wata shawara da ta sauya labari ba, ɗan rakiya ne, ko da hotonsa na bangon mujalla.