Rassie Erasmus da Sabon Zamanin Zari-Ruga

Mu da muka yi shekaru muna cin ƙasa a filin zari-ruga, gida biyu muke raba tarihin wasan: kafin 1995 da bayanta. A wannan shekarar ce Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da ci 15 da 12 a Johannesburg, Nelson Mandela ya fito sanye da riga mai lamba 6 ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin duniya. Wata biyu bayan haka, a Agusta, hukumar wasan ta zauna a Paris ta halatta biyan 'yan wasa albashi. Kafin nan manomi da lauya da ɗan sanda ne ke tashi daga aiki su zo atisaye da yamma. Koci kuwa tsohon ɗan wasa ne mai babbar murya, wanda ya iya zuga maza.

Johan Erasmus, wanda kowa ke kira Rassie, a daidai wannan gaɓa ya shigo. An haife shi a 1972 a Despatch, wani ƙaramin gari na ma'aikata a Gabashin Kap. Ya yi suna a ƙungiyar Free State da ke Bloemfontein, yana cikin ƙarti takwas na gaba, a gefen turereniya, inda aikin mutum shi ne kayar da abokin gaba da ƙwace ƙwallo a ƙasa. Ya fara buga wa ƙasarsa a 1997, ya buga mata wasa 36 zuwa 2001. Tun yana ɗan wasa aka san shi da zama gaban bidiyo yana nazarin abokan karawa, a lokacin da yawancinmu ke ganin ƙarfin kafaɗa ya wadatar.

Da rauni ya raba shi da fili, sai ya koma horarwa. A 2005 ya ci wa Free State kofin Currie, wanda rabonta da shi tun 1976. A can ne ya riƙa hawa rufin filin wasa yana kunna fitilu kala-kala, kowane launi da umarnin da yake isarwa ga 'yan wasa. An yi masa dariya sosai. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layi ya san daga ƙasa ƙafafu da ƙura kawai ake gani. Daga sama ne ake hango gurbin da ya buɗe. Ni kaina sai da na hau saman benaye na kalli yaran da nake horarwa kafin na gane kuskuren da muka yi wata guda muna maimaitawa.

Darasi mafi nauyi a Ireland ya same shi. Ya karɓi ragamar Munster a 2016, a watan Oktoba kuma babban kocin ƙungiyar, Anthony Foley, ya rasu a otal a Paris ana gab da wasa. Babu bidiyon da ke koyar da yadda ake riƙe mutanen da ke kuka. Ya riƙe su har wasan ƙarshe na gasar lig ɗinsu a 2017.

Ya dawo gida ya tarar da rumbu ya zube. Italiya ta doke Springboks, wato ƙungiyar ƙasar, a 2016, New Zealand ta yi musu 57 da nema a 2017. A 2018 ya karɓi aikin horar da su, ya naɗa Siya Kolisi, ɗan unguwar Zwide, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin ƙasar a wasan ƙasa da ƙasa. A wasan Kolisi na farko a matsayin kyaftin Ingila ta tsere da 24 da 3, aka tashi Afirka ta Kudu na da 42, Ingila 39. A gasar kofin duniya ta 2019 a Japan sun sha kashi a wasan farko, sannan suka lallasa Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe a Yokohama.

Abin da ya fi burge mu masu sana'ar shi ne benci. Al'ada ita ce a ajiye ƙarti biyar da masu gudu uku. Shi ya ajiye shida da biyu, a 2023 har bakwai da ɗaya, don sababbin kafaɗu su shigo lokacin da na abokan gaba suka saki. Zaman benci ya daina zama abin kunya. A gasar kofin duniya ta 2023 a Faransa, tare da tsohon abokinsa Jacques Nienaber a matsayin babban koci, sun ci wasanni uku na ƙarshe kowanne da tazarar maki ɗaya: Faransa, Ingila, New Zealand.

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa tabo a jikin gwani. Bidiyon sa'a guda da ya yi a 2021 yana sukar alƙalin wasa Nic Berry kuskure ne, kuma dakatarwar da aka yi masa ta dace. A wasanmu kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, cikin ladabi, kuma da wannan muke tarbiyyar yara.

Duk da haka, idan tsohon ɗan wasa ya ce mini yana son zama koci, labarin Rassie nake ba shi. Tabon da ke kunnenka zai sa yara su saurare ka mako guda. Bayan nan sai abin da ka karanta a daren jiya, da gaskiyar da za ka iya faɗa wa yaron da ka cire daga jerin sunaye kana kallon idonsa.