Tarihin DNS: yadda intanet ta daina haddace sunan kowa

1/ Hutun da ya wuce a Mafara na ɗora BIND, manhajar DNS, kan wata 'yar Raspberry Pi Zero mai RAM 512MB. Kwana biyu ta fara nauyi. Neman dalili ne ya jefa ni cikin wannan tarihin. Ku biyo ni.

2/ DNS shi ke juya suna kamar facebook.com zuwa lambar IP. Kafin a ƙirƙiro shi, duk sunayen kwamfutocin ARPANET a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, hannun ofishin Elizabeth Feinler a SRI, Kalifoniya. Ka kawo sabuwar kwamfuta? Sai ka kira su a waya a saka ka, kowa kuma ya sake sauke fayil ɗin gaba ɗayansa. Kamar a ce duk mai shago a Bakura sai ya haddace lambar kowa a Najeriya.

3/ Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris ya fito da DNS: kowane yanki ya riƙe sunayensa, in ana buƙata a tambaye shi. Amsar da aka samo a ajiye ta na ɗan lokaci, wa'adinta shi ne TTL, yana cika a watsar.

4/ Tsimi fa a jinin tsarin yake. Saƙon DNS ta UDP bait 512 aka ƙayyade masa, shi ya sa har yau sunayen sabobin tushe 13 ne.

5/ A 1984 ɗaliban jami'ar Berkeley suka rubuta BIND. Ɗalibai irinmu, wallahi. Amma manyan cibiyoyi aka yi wa shi. Tun daga siga ta 9.11, in ba ka taɓa max-cache-size ba, an yarje masa ya cika har kashi 90 na RAM da ajiyar amsoshi.

6/ A 2001 Simon Kelley ya saki dnsmasq. Ba ya bin sabobin tushe da kansa, miƙa tambaya yake ga babbar saba, kuma suna 150 kacal yake riƙewa sai in ka ƙara. Rauta da yawa na gida shi ke cikinsu. Ba mamaki har wadda mai POS ke amfani da ita a Maradun.

7/ Ni dai na cire BIND na sa dnsmasq. Gidanmu WhatsApp ne, TikTok da shafin JAMB, ko 150 ɗin ban ƙara ba.