Birki da tafin ƙafa

Ina yaro, duk sanda muka tashi daga Buza zuwa Keita, kafin mota ta kama gangaren duwatsun Adar sai in ga direba ya tattaka birki sau biyu ko uku. Tambayar motar yake yi da ƙafa. In ya ji tauri, mu wuce. In birki ya lotsa kamar soso, to iska ta shiga bututu ko mai ya tsiyaye, sai yaron mota ya riƙe gungume a hannu, a shirye ya diro ya tare taya.

Wannan ilimi yana da mafari. A 1917 wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya yi rajistar birki mai aiki da mai, a 1921 kuma Duesenberg ta sa shi a tayoyi huɗu. Tun daga nan ƙafar direba ke jin lafiyar birki kai tsaye.

A 1997 Toyota Prius ta kawo wani abu: injin lantarki ne ke rage gudu, yana mayar da wuta cikin batir. A motocin lantarki da yawa na yau, taurin da ƙafa ke ji na'ura ce ke ƙirƙira shi, kwamfuta ke raba aikin. Wasu masu motoci a Turai da Amurka kan canja bututun roba da mai saƙar ƙarfe don birki ya yi tauri, amma taurin nan ba shaida ba ne cewa mota za ta tsaya da wuri.

Abin da ke damuna, yaranmu da ke koyon kanikanci a Madawa da Tawa har yau da ƙafa kaɗai ake koya musu gwajin birki.