1985: Shekarar da Kasparov ya zama zakaran duniya

Duk wanda ya tambaye ni labarin ces, wato darar Turawa, da 1985 nake farawa. Tun Satumbar 1984 Garry Kasparov ke karawa da zakaran duniya Anatoly Karpov a Mosko. Karpov ya ci biyar ba ko ɗaya, saura ɗaya ya lashe. Kasparov ya yi ta jan canjaras har ya ci uku. Ranar 15 ga Fabrairun 1985 hukumar FIDE ta dakatar da karawar bayan wasa 48. Aka sake sabuwa a Satumba. Ranar 9 ga Nuwamba Kasparov ya yi nasara da maki 13 da 11, yana ɗan shekara 22. Mu 'ya'yan fataken shanu a Dei-Dei, Abuja, mun san wannan haƙurin: ba a gaggawar sallamawa.