Halin Gwarzo da Amanar Mai Karatu: Nazarin Martanin Masoya ga Sauya Captain America a 2016

A ranar 25 ga Mayu, 2016, kamfanin Marvel na Amurka ya saki fitowa ta farko ta mujallar labarin zane mai suna Captain America: Steve Rogers, wadda Nick Spencer ya rubuta, Jesús Saiz ya zana. A shafukanta na ƙarshe an nuna Steve Rogers a cikin jirgin sama, inda Baron Zemo ke tsare da masanin kimiyya Erik Selvig. Abokin gwagwarmayarsa Jack Flag ya shigo ya taimaka masa, sai Rogers ya hankaɗo shi daga jirgin, ya juyo ya furta kalmomin mubaya'a ga Hydra, ƙungiyar da ya shafe shekaru yana yaƙa. A tsakanin waɗannan shafuka an yi ta komawa birnin New York na 1926, inda wata mata mai suna Elisa Sinclair ta kuɓutar da Sarah, mahaifiyar Steve, daga dukan mijinta, ta ciyar da ita da ɗanta, sannan ta miƙa mata takardar gayyata zuwa taron Hydra. Abin da fitowar ta nuna shi ne cewa tun yarinta gwarzon yake ɗan ƙungiyar.

Kafin dare maganar ta cika Twitter, manyan jaridu suka ɗauka. Chris Evans, wanda a lokacin yake fitowa a matsayin gwarzon a fina-finai, ya bayyana mamakinsa a fili, marubucin kuwa har barazanar kisa aka aika masa. Spencer da editansa Tom Brevoort sun ƙara wa wutar fetur da suka nace cewa Steve Rogers ne na gaske, ba wani ne ya yi shigarsa ba. Sau da yawa ana ɗaukar irin wannan fushi a matsayin taurin kan masoya da ba sa son sauyi. Tarihin wannan adabi bai goyi bayan hakan ba. Masu karatu sun sha karɓar sauye-sauye masu zafi. Abin da suke ƙi shi ne sauyin da ke rushe halin da aka gina gwarzo a kansa.

Tushen gwarzon

Joe Simon da Jack Kirby, Yahudawa 'ya'yan baƙin haure a New York, su suka ƙirƙiro Captain America a kamfanin Timely, wanda daga baya ya zama Marvel. Fitowar farko ta shiga kasuwa a Disamba 1940, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a bangonta gwarzon ne ke naushin Hitler a muƙamuƙi. Simon ya ba da labarin yadda magoya bayan 'yan Nazi a Amurka suka riƙa yi musu barazana saboda wannan zane, Kirby kuwa daga baya ya shiga soja ya yi yaƙi a Turai. Ke nan ƙin mulkin Nazi shi ne dalilin samuwar gwarzon tun ranar farko.

Ita kuma Hydra, Stan Lee da Kirby ne suka fito da ita a 1965 a mujallar Strange Tales. Masu kare labarin Spencer sun yi nuni da cewa a cikin mujallu Hydra ƙungiya ce dabam da jam'iyyar Nazi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai manyan jagororinta irin su Baron Strucker da Red Skull tsofaffin 'yan Nazi ne, kuma fim ɗin gwarzon na 2011 ya gabatar da ita a matsayin sashen binciken kimiyya na gwamnatin Hitler. Saboda haka mai karatun da ya ji an ci amanar Simon da Kirby, a shekarar da ake bikin cikar gwarzon shekara 75, yana da hujjar da ta wuce son rai.

Sauyin da ake karɓa da wanda ake ƙi

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. A labarin da ake ci gaba da bugawa shekara da shekaru, marubuta suna zuwa suna tafiya, tufafin gwarzo da abokansa da zamaninsa duk suna sauyawa, hali kaɗai ke riƙe da shi a matsayin mutum ɗaya. Misalai daga tarihin Captain America kansa sun isa shaida. A 1974, lokacin da abin kunyar Watergate ke girgiza Amurka, Steve Englehart ya rubuta labarin da gwarzon ya bi sawun wata ƙungiyar asiri har fadar White House, ya tarar shugabanta babban jami'in gwamnati ne. Zuciyarsa ta karye, ya ajiye garkuwa da sunansa, ya koma amsa sunan Nomad. Wannan babban sauyi ne, amma gaskiyarsa ce ta kai shi ga haka, shi ya sa har yau ake lissafa labarin cikin mafiya daraja. A 2005 Ed Brubaker ya dawo da Bucky Barnes, abokin Steve wanda aka daɗe da yarda cewa ya mutu a ƙarshen yaƙi, a matsayin makashin da Tarayyar Sobiyet ta juya wa tunani. An yi ta gunaguni da farko, amma da aka ga yadda abin ya ƙara fito da amincin Steve ga abokinsa, sai aka rungume shi, har ya zama ginshiƙin fim ɗin gwarzon na 2014.

A ɗaya ɓangaren akwai Hal Jordan na kamfanin DC. A 1994, cikin fitowa uku kacal na mujallar Green Lantern, aka mayar da shi mahaukacin da ya hallaka abokan aikinsa. Masoya suka kafa ƙungiya suna neman a wanke shi, kuma bayan shekara goma Geoff Johns ya rubuta labarin da ya ɗora laifin a kan wata halitta da ta shiga jikinsa. Haka nan a 2007, a labarin One More Day, Peter Parker ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin nan Mephisto aka shafe aurensa da Mary Jane, wanda aka ɗaura tun 1987, don a ceci ran gwaggonsa May. Masu karatu da dama sun ga cewa mutumin da aka san shi da ɗaukar nauyin abin da ya aikata ba zai bi wannan hanya ba.

Idan aka jera waɗannan misalai, ma'auni ɗaya ke fitowa. Sauyin da aka karɓa yana ƙara wa abin da mai karatu ya sani nauyi. Wanda aka ƙi kuwa yana gaya masa cewa abin da ya karanta a baya, ya saya da kuɗinsa, ya adana a kwali, bai faru yadda ya sani ba. Fitowar 2016 ta faɗa kashi na biyu, domin ta koma har yarintar gwarzon ta sake rubuta ta.

Matsalar wata guda

Akwai kuma saɓani da tsarin bugawa ke haifarwa. Marubuci yana kallon fitowa ɗaya a matsayin babi daga dogon labari da ya riga ya san ƙarshensa. Mai karatu kuwa shafi ashirin da 'yan kai ne a hannunsa, zai kuma zauna da su wata guda kafin na gaba. A fitowa ta biyu, ta Yuni 2016, aka bayyana cewa Kobik, wani abu mai ikon sauya gaskiya da ya ɗauki siffar ƙaramar yarinya, shi ya sake tsara tarihin Steve bisa tarbiyyar da Red Skull ya yi masa. Tsofaffin masu bibiya ba su yi mamaki ba. Sun ga mutuwar Superman a 1992 da dawowarsa a 1993, sun ga an kashe shi kansa Steve Rogers a 2007 an dawo da shi a 2009. Amma zuwa 2016 masoyan gwarzon sun ninka masu sayen mujalla nesa ba kusa ba. Fim ɗin Captain America: Civil War ya fito a farkon watan Mayun, kuma miliyoyin da suka kalle shi hoto ɗaya suka gani yana yawo a intanet, ba tare da sanin al'adar juya labari ba.

Sai dai ba daidai ba ne a ce duk masu fushin jahilci ke damun su. Da yawa sun san za a warware labarin, ƙorafinsu shi ne an yi amfani da alamar da ke da tarihin gaske don jawo ciniki. Labarin ya ci gaba har zuwa Secret Empire a 2017, inda wannan Steve ya ƙwace mulkin Amurka, kuma suka ya yi yawa har Marvel ya fitar da sanarwa yana roƙon masu karatu su yi haƙuri su ga ƙarshe. A Agustan 2017 Steve na asali ya dawo ya kayar da ɗan Hydra.

Haƙƙin marubuci da iyakar mai karatu

Adalci ya buƙaci a faɗi abin da labarin ya ƙunsa na ma'ana. Spencer ya yi tambaya mai nauyi a shekarar zaɓe mai zafi: me zai faru idan mutumin da kowa ya amince da shi ya yi amfani da amanar don kafa mulkin kama-karya? Marubuci yana da haƙƙin yin wannan tambaya, kuma adabin da masu karatu za su hana shi taɓa gwarzayensu zai daskare. Barazanar kisa kuwa ba ta da wani uzuri, ta ma raunana hujjar masu suka na gaskiya, domin ta ba wasu damar haɗa su duka a yi musu kuɗin goro.

Amma kamfanonin ma ba za su wanke hannunsu ba, don su suka koya wa mai karatu cewa yana da ta cewa. Tun shekarun 1960 Marvel ke buga wasiƙun masu karatu a mujallunsa yana amsa su. A 1988 DC ta ba da lambobin waya biyu don a zaɓi ko Jason Todd, Robin na biyu, zai rayu ko zai mutu, aka kashe shi da ƙuri'a 5,343 a kan 5,271. Wanda aka shafe shekaru ana tambayar ra'ayinsa ba zai yi shiru ranar da aka taɓa abin da ya fi so ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa martanin ya shiga cikin labarin kansa. A ƙarshen 2017 Mark Waid da Chris Samnee suka karɓi mujallar, suka mayar da Steve kan hanya yana zaga garuruwan Amurka don ya sake samun yardar jama'a. A 2018 Ta-Nehisi Coates ya ɗora nasa labarin a kan ƙasar da ta ga fuskar gwarzonta a kan mai mulkin zalunci, ta kasa mantawa. Marubutan biyu sun ɗauki ɓacin ran masu karatu a matsayin abin da ya cancanci amsa. Wannan ya tabbatar da cewa a adabin da ake bugawa wata-wata, mallakar gwarzo a shari'ance ta kamfani ce, amma sanin halinsa yana hannun waɗanda suka daɗe suna bibiyarsa, kuma da wannan sani suke auna kowane sabon marubuci.