Ƙazafin da ya bi Salieri shekara ɗari biyu

Ranar 7 ga Mayu, 2025 aka cika shekara 200 da rasuwar Antonio Salieri, Ba'italiyen da ya zama sarkin makaɗan fadar Ostiriya, amma har yau in an ambaci sunansa, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne mutumin da hassada ta sa ya hallaka makaɗi ɗan'uwansa Mozart. Fim ɗin Amadeus na 1984, wanda ya lashe kyautar Oscar takwas, shi ya ƙara kafa wannan zato. Ni a ganina ƙage ne aka yi wa dattijon, kuma hujjojin da ke hannu sun isa su wanke shi.

Mozart ya rasu a Biyana ranar 5 ga Disamba, 1791, yana ɗan shekara 35, bayan jinyar kimanin mako biyu. Jikinsa ya kumbura, ga zazzaɓi, ga amai. A littafin mamata an rubuta zazzaɓi mai tsanani mai fesar da ƙuraje. Kafin watan ya ƙare wata jaridar Balin ta ce wasu na zargin guba saboda kumburin gawar, sai dai ba ta kama sunan kowa ba. A 2009 wasu masu bincike suka bi takardun mace-macen Biyana na wancan hunturu, suka tarar samari da yawa sun mutu da irin wannan kumburi, abin da ke nuna annoba ce ta ratsa gari, mai yiwuwa ciwon maƙogwaro da ya kai ga lalata ƙoda.

To, me Salieri zai yi wa hassada? Tun 1788 shi ke riƙe da babban muƙamin kiɗa na fada, wasanninsa na opera sun karɓu har Faransa, Mozart kuwa ƙaramin muƙami gare shi, yana ta rubuta wa abokinsa Puchberg wasiƙun neman rance. A wasiƙar da ya aika wa matarsa Constanze ranar 14 ga Oktoba, 1791, Mozart da kansa ya ba da labarin yadda ya ɗauko Salieri a keken doki ya kai shi kallon wasansa na opera Die Zauberflöte, ya zaunar da shi a wurinsa, Salieri yana yabon kowace waƙa tun daga farko har ƙarshe. Saura mako bakwai ke nan Mozart ya rasu. Daga baya Constanze ta bar ɗansu Franz Xaver ya yi karatun kiɗa a hannun Salieri. Wace uwa ce za ta kai ɗanta wurin wanda take zargi da kashe mijinta?

Masu ɗaya ra'ayin suna da abin kamawa, bai kamata a raina shi ba. Wasiƙun Mozart da na mahaifinsa Leopold cike suke da ƙorafin cewa Italiyawan fada na yi masa zagon ƙasa, kuma Constanze ta ce mijinta ya gaya mata yana jin an ba shi guba. Gaskiya ne akwai takara, domin masu neman aiki a fada ɗaya ba sa rasa gutsiri-tsoma. Amma takara daban, kisa daban, kuma maganar majinyaci mai fargabar mutuwa ba shaidar likita ba ce. Hujjarsu mafi nauyi ita ce wai Salieri ya amsa laifi da bakinsa a 1823. A lokacin tsufa ya riga ya taɓa hankalinsa, yana kwance a asibiti. Masu jinyarsa biyu sun sa hannu a takarda cewa ba su taɓa jin ya faɗi haka ba, kuma ɗalibinsa Ignaz Moscheles, da ya je duba shi, ya ce ya musanta zancen, ya roƙe shi ya sanar da duniya.

Lokacin da jita-jitar ta yi ƙarfi ma abin lura ne. A 1822 makaɗin Italiya Rossini ya zo Biyana, gari ya ruɗe da kiɗan Italiya, masu kishin kiɗan Jamusawa suka ji haushi, labarin Ba'italiyen da ya kashe gwarzonsu kuwa ya yi musu daɗin ji, ko da yake wannan Ba'italiyen ne ya koyar da Beethoven da Schubert da Liszt. Marubuci Pushkin ya mai da zancen wasan kwaikwayo a 1830, Peter Shaffer ya sabunta shi a 1979, sai fim ya ɗauka. Amma ga wata hujjar da ke ƙaryata ƙiyayyar: a 2015 aka gano a wani gidan tarihi na Prag wata waƙa ta 1785 da Mozart da Salieri suka haɗu suka tsara, don murnar samun sauƙin mawaƙiya Nancy Storace.