Gaskiya, ƙarya da aikin Shaiɗan a koyarwar addinin Kirista

A addinin Kirista, gaskiya sifa ce ta Allah, ƙarya kuwa ta samo asali daga Shaiɗan, wanda Linjilar Yohanna (8:44) ta nuna shi a matsayin uban duk wata ƙarya. Sai dai koyarwar ta ƙara da cewa Shaiɗan ruɗi kawai yake iyawa, ba shi da ikon tilasta wa kowa. Wanda ya yi ƙarya, shi ne zai amsa laifinta. Katolika da Furotesta sun yi tarayya a kan wannan tushe, ko da yake sun bambanta a wasu rassa.

Yadda koyarwar ta shigo Hausa

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, amma Damagaram na da matsayi na musamman a tarihinsu. A Zinder ne ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasharta ta farko a ƙasar a 1924, kafin ta bazu zuwa Tsibiri da Maraɗi da Galmi. Katolikan jihar kuwa suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001.

Alaƙar ma ta girmi zuwan mishan. Dorugu, yaron da aka haifa kusa da Kance aka kama shi bawa, ya samu ƴanci, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya yi aiki da J. F. Schön, mai fassara sassan Linjila zuwa Hausa. Ke nan, bakin ɗan ƙasar Damagaram na cikin waɗanda suka taimaka wa fassarorin farko. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma masu fassara sun yi amfani da kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani: gaskiya, ƙarya, Iblis, Shaiɗan, aljanu.

Mece ce gaskiya?

Kalmar Ibrananci "emet" da ake fassarawa da gaskiya tana ɗauke da ma'anar abin da ya kafu, wanda za a iya jingina da shi. Tushenta ɗaya da kalmar "amin". Saboda haka gaskiya a Tsohon Alkawari ta haɗa da faɗin abu yadda yake da kuma cika alkawari da riƙon amana.

Sabon Alkawari ya ƙara wani mataki. A Linjilar Yohanna (14:6) Yesu Almasihu ya danganta gaskiya da kansa, shi ya sa Kirista ke ganin bin gaskiya da bin Almasihu abu ɗaya ne. A nan ne koyarwar ta rabu da ta Musulunci, inda Annabi Isa (AS) manzo ne, Al-Haƙƙu kuma sunan Allah ne shi kaɗai.

Mece ce ƙarya?

Dokoki Goma sun hana shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16). Katolika na ƙirga ta doka ta 8, yawancin Furotesta kuma ta 9. Malamai sun faɗaɗa ta har ta haɗa da ƙazafi, da annamimanci, da fadanci, da yanke wa mutum hukunci bisa zato.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan fanni ɗan Afirka ne: Agustin, da aka haifa a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430. Ya rubuta littattafai biyu a kan ƙarya, ya kuma kasa ta gida 8. A wurinsa, niyyar ruɗi ce ke sa magana ta zama ƙarya. Wanda ya faɗi kuskure yana zaton daidai ne, bai yi ƙarya ba. Maƙaryaci shi ne wanda abin da ke bakinsa daban, abin da ke zuciyarsa daban. Agustin bai yarda da ƙarya ba ko don ceton rai. A ƙarni na 13, Toma Akwinas ya raba ta uku: ta wasa, da ta taimako, da ta cutarwa, ya ce duka laifi ne amma nauyinsu ba ɗaya ba.

Har yau ana muhawara a kan ƙaryar taimako, domin Littafi Mai Tsarki ya yaba wa ungozomomin da suka ruɗi Fir'auna don su ceci jarirai (Fitowa 1), da Rahab da ta ɓoye ƴan leƙen asiri. Masu bin Agustin na cewa tausayinsu aka yaba, ba ƙaryar ba. Abin da kowa ya amince da shi shi ne, rufe sirri ba ƙarya ba ne, kuma ba kowa ke da haƙƙin jin kowace gaskiya ba.

Wane ne Shaiɗan?

A Ibrananci "satan" na nufin abokin gaba ko mai ƙara. Kalmar Girkanci "diabolos" na nufin mai ƙazafi, daga ita Faransanci ya samu "diable", masana harshe da dama kuma na danganta sunan Iblis da ita. Tun daga sunansa ke nan, aikinsa na baki ne.

Kiristoci na ɗaukarsa mala'ika ne da ya yi tawaye. Babban taron Lateran na 1215 ya tabbatar cewa Allah ya halicce shi nagari, shi ne ya lalata kansa da zaɓinsa. Don haka halitta ne, ba kishiyar Allah mai ƙarfi daidai da shi ba. A Musulunci kuwa Iblis aljani ne da ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada.

Dabarun ruɗi

Nassoshin da aka fi kafa hujja da su sun nuna hanyoyi uku. Ta farko, gauraya gaskiya da ƙarya. A Farawa sura ta 3, macijin bai fara da ƙarya tsirara ba: tambaya ya jefa wa Hawwa'u, ya ƙara gishiri a umarnin Allah, ya sa mata shakka a kan nufinsa. Ta biyu, murɗe nassi: a jarabar da ya yi wa Yesu cikin hamada (Matiyu 4) har Zabura ya karanto. Ta uku, shigar burtu: Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Koranti cewa yakan zo da kamannin haske da tsoron Allah.

Wannan fahimta ce ta sa majami'un bishara na ƙasar Hausa ke kallon bori da duba a matsayin ƙofofin ruɗi, suna neman mai shiga addinin ya rabu da su. A wurin Katolika, mai karɓar baftisma yana furta cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ana kuma sabunta furucin kowace shekara a daren Ista.

Iyakar ikonsa

"Sharrin Shaiɗan ne" magana ce da ake yawan ji idan asiri ya tonu. Koyarwar Kirista ba ta karɓe ta a matsayin uzuri ba. Hawwa'u ta ɗora wa maciji laifi, hukunci bai tsallake ta ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 5, Hananiya ya ɓoye wani kaso na kuɗin gonarsa ya ce duka ya kawo. Bitrus ya ambaci hannun Shaiɗan, amma Hananiya ya tuhuma. Wasiƙar Yakubu ma ta ce sha'awar mutum ce ke jan sa. Musulmi zai ga kamanni a nan da Suratu Ibrahim, inda Shaiɗan zai kuɓutar da kansa ranar hisabi da hujjar cewa kira kawai ya yi.

Tuba kuma ba ta tsaya ga nadama ba. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya wajabta wa wanda ya ɓata sunan wani ya gyara ɓarnar gwargwadon iyawarsa.

Abin da ya shafi zaman tare

A saƙonsa na Janairun 2018 kan labaran ƙarya, Fafaroma Francis ya kwatanta su da dabarar macijin Farawa: suna kama da gaskiya, suna kuma hawa kan tsoro da fushin mai karatu. Mai tura saƙon WhatsApp bai bincika ba, bisa wannan ma'auni, yana da nasa kason laifi.

Zinder ta san tsadar ɗora wa maƙwabci laifin da ba nasa ba. Ranar 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa ƙona majami'u, kashegari ta kai Yamai, mutane 10 suka mutu a biranen biyu. Kiristocin garin ba su da hannu a jaridar, wadda ta saba yi wa addininsu ma ba'a.

Koyarwar ta gargaɗi Kiristan da kansa a wannan gaɓa. Wasiƙar Afisawa (6:12) ta nuna cewa abokin gabar mai bi ba ɗan Adam ba ne, don haka kiran wani mutum ko wata al'umma da sunan Shaiɗan shi ma ƙazafi ne, watau aikin da aka san Shaiɗan da shi. A wannan ɓangare na aiki, wato tabbatar da labari kafin yaɗa shi da gudun shaidar zur, fasto da liman na Damagaram abu ɗaya suke koyarwa.